Filin da Muka Ce Ya Tsare

Shekarun da na yi ina aiki a wani buro, wato ofis, a Yamai, aikina kallon ciyawa ne. In na faɗa wa mutanen gidanmu a Damagaram haka, dariya suke yi, su ce ashe duk karatun nan a ciyawa ya ƙare. To, a nan ya ƙare ɗin, kuma ban taɓa jin kunyarsa ba.

Buron na wani shiri ne mai lura da filayen kiwo. Muna da wata na'ura mai ƙafa uku da ake ɗora kamara a kanta. In aka kafa ta aka danna, sai ta riƙa juyawa da kanta a hankali, tana ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa, hagu da dama, har ta zagaye wurin kaf. In mun komo Yamai, ni nake zama gaban ordinata, wato kwamfuta, in haɗa tarin hotunan nan su zama guda ɗaya mai faɗi. Kana iya jawo kowane lungu nasa kusa, ka yi ta jawowa, har ka ga ganyen sabarar da ke can nesa, inda idonka bai kai ba ranar da kake tsaye a wurin. Akan koma wuri ɗaya bayan damina, da tsakiyar rani, da bazara, a kafa na'urar bisa turken ƙarfe ɗaya, don a ga abin da ya canja.

A unguwar Bukoki nake zaune, a wani lungu da kwata ta raba shi biyu, kowace ƙofa da ragonta a ɗaure yana kuka. Wanda ya fito daga can da safe ya zauna gaban fili shimfiɗe har ƙarshen gani, ko da a hoto ne, ai ba ya raina aikinsa. Ina son aikin ƙwarai. Mutanen aikin ne dai sai a hankali.

Shugaban sashenmu, wanda kowa ke kira Shef, mutum ne mai turare da yawan magana. Bakinsa bai rabuwa da “makiyayanmu”, ka ce shi ya haife su. In mun fita daji, a mota yake cin tsirensa, ya goge hannu, ya sauke gilashi ya jefa takardar da ledar a cikin filin da muka zo dubawa. Kuma motar buro ba ta taɓa komowa Yamai da bayanta wayam ba. Gawayi, zabi, itace, man shanu, duk abin da hannu ya miƙo Shef na da wurin sa shi. Ya ce ƙin karɓar kyautar mutanen ƙauye raini ne. Ni dai ban taɓa ganin ya raina kowa ta wannan hanyar ba.

Ɗaya daga wuraren da muke ɗauka yana gabas da Yamai, wajen yankin da ake kira ƙasar Arewa, kusa da rugar wani dattijo Bafillace. Baffa nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗiyata. Siriri ne, ba ya ɗaga murya, yana da malfa wadda rana ta cinye launinta. Tun farko shi ya nuna mana inda za mu kafa turken, kuma shi yake hana a tuge shi.

Wata shekara kafin ruwa ya sauka, Shef ya zo masa da buƙata. Yana son a bar wani yanki babba gaban turken, daga wata aduwa har bakin fadama, kada dabba ko ɗaya ta shiga, tun daga faɗuwar ruwa har mu zo mu ɗauki hoton tsakiyar rani. Ana son a ga yadda ƙasa ke farfaɗowa in an ba ta hutu. In mun ɗauki wannan hoton, filin ya zama nasa, ya saki shanunsa su ci har ruwa ya sake sauka.

Baffa ya yi ta zane a ƙasa da sandarsa. Can ya ce ya yarda. Ya ce in haka ne, bana ba zai tura dukan garken kudu ba. 'Ya'yansa za su tafi da masu ƙarfi kamar kullum, amma masu ciki, da masu shayarwa, da tsofaffin da tafiyar ke kayarwa a hanya, zai riƙe su a gida su ci ciyawar nan da bazara. Rayuwar shanun nan ke nan ya ɗora a kan maganarmu, kuma ina tsaye ya faɗe ta, Shef yana gyaɗa kai yana duba wayarsa.

Tsare fili a dajin da kowa ke kiwo ba ƙaramin abu ba ne. Daga baya matar Baffa ta ba ni labarin yadda ya ɓata da maƙwabta, har da wani ɗan'uwansa da ya daina gaishe shi. Duk daminar nan a gindin aduwar ya yi ta, yana korar dabbobin mutane da nasa.

Da muka koma bayan ruwa ya ɗauke, sai da na tsaya na riƙe baki. Kyasuwa ta kai mini ƙugu, gadagi ya rufe ƙasa, ƙarangiya kuwa ta kama mini zane tun ban yi nisa ba, ban ma ji haushinta ba. Ƙa'idarmu ba a barin mutum a cikin hoto, amma ran nan Shef ya ce Baffa ya tsaya can gefe da malfarsa da sandarsa, zai yi kyau a bangon rahoto. Ya tsaya ƙiƙam har na'urar ta gama juyawarta. Kamar yadda muka saba, muka yanki 'yar ciyawa kaɗan muka sa a jaka don a auna nauyinta a Yamai. Wannan hoton shi ne mafi kyau da na taɓa haɗawa.

Bai fi 'yan kwanaki da gama shi ba, Shef ya shigo ɗakin aikina da baƙo. Yayan matarsa ne, wani Alhaji mai kiwon raguna da sayar da ciyawa a bakin gari. Wai ya kawo shi ya ga abin mamaki. Alhajin ya jawo kujera ba tare da an ba shi ba, ya zauna dab da ni, goro cike da bakinsa.

“Madam, jawo muna nan,” in ji Shef.

Na jawo.

“Ƙara,” in ji Alhaji. “Kai! Wagga ciyawa! Ƙara dai, Hajiya. Gadagi ne wancan?”

Ya dangwala yatsa a fuskar ordinatar, yatsan da ya gama cin wani abu mai maiƙo, ya bi da shi tun daga aduwa har fadama. Yadda yake kallon ciyawar, haka matan Babbar Kasuwa ke kallon atamfa in sun riga sun yanke shawara suna ɓoyewa. Ya tambaya ko ƙasar wurin yashi ce ko mai tauri. Ya tambaya ko babbar mota na shiga. Shef ya yi dariya ya ce Alhaji ba ya ganin abu don Allah. Da za su fita, Shef ya ce in sa a buga masa hoton a babbar takarda, zai rataya a falonsa. Na kai wani shago a Zongo aka buga. Abin da ya dame ni a ranar bai wuce maiƙon nan ba, wanda na yi ta gogewa da bakin gyalena ina tsaki.

Tsakiyar rani muka koma. Tun daga nesa na fara cewa direba ya ɓata hanya, don ban ga abin da na sani ba. Ya ce ga aduwar can. Aduwar ce kuwa, da turken ƙarfenmu a gabanta, amma daga nan har fadama babu ko tsinke. Ba irin filin da dabba ta ci ba ne, don dabba tana barin guntaye, tana barin kashi. Wannan sharewa aka yi. Layin haƙoran manjagara ne a jere a kan yashi, da sawun tayoyin manyan motocin kaya, wato kamiyo, sun shiga sun fita, da gwangwanayen kifi da aka ci aka watsar.

Baffa ya taho daga ruga yadda ya saba, bai yi sauri ba. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo nono a ƙwarya, aka yi gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta hanya da ta gajiya. Sai da duk wannan ya ƙare ya ce mutanenmu sun zo.

“Waɗanne mutanenmu, Baffa?” na ce.

“Waɗanda kunka aiko, ɗiyata. Da kamiyo sunka zo. Na ce musu ba a taɓa wurin ga, sai babbansu ya buɗe mini alama.”

Alamar ita ce hoton. A ƙasar nan in babban mutum ya aiki wanda ba a sani ba, yakan haɗa shi da wani abu nasa, hula ko zobe ko sanda, don a tabbata daga gare shi ya fito. Mutanen Alhaji suka warware masa takardar nan da na sa aka buga a Zongo, ya ga aduwarsa, ya ga fadamarsa, ya ga kansa tsaye da malfa. Ba wanda ke da wannan hoton a duniya sai mu. Suka ce masa buro ne ya ce a kwashe ciyawar a kai Yamai a auna. Ya taɓa ganin mun yanka mun sa a jaka don aunawa, sai ya ɗauka wannan karon duka ake so. Ya ba su ruwa, ya nuna musu inda mota ba za ta kafe ba, matarsa ta dama musu fura duk kwanakin da suka yi suna aikin.

Ya juya ya dubi Shef, murya a ƙasa.

“Tau, ranka shi daɗe, kun gama awon? Yaushe za a maido ta? Shanun sun fara faɗuwa.”

Ina kallon Shef. Na ɗauka ko idonsa zai sauka ƙasa. Sai ya ɗaga ƙwaryar ya kurɓi nono mai yawa, ya goge gashin bakinsa, ya ce, “An kusa, Baffa, in sha Allahu. Ka san aikin buro.”

Ƙwaryar ta zagayo kaina na miƙa ta gaba. Ko kurɓa ban yi ba.

Aka kafa na'urar ta ɗauki filin yadda yake. Lokacin da nake naɗe ƙafafunta, Shef ya koma mota neman sanyi, Baffa kuwa yana tsaye kusa da ni. Ban iya haɗiye maganar ba.

“Baffa, ciyawar nan ba za ta dawo ba. Sayar da ita aka yi. Ka nemi wata dabara tun da wuri.”

“Na sani, ɗiyata,” ya ce. “Tun ran da kamiyon ƙarshe ya tashi ba su yi mini sallama ba na sani. So nike in ji da bakinshi.”

Na tambaye shi ko zai bi 'ya'yansa kudu. Ya nuna mini shanun da haɓarsa. Suna tsaye a inuwar da ba ta ishe su ba, wasu cikinsu ya yi nauyi, wasu da 'yan maruƙa a gindinsu. Ya ce da a farkon kaka ne, da ƙarfinsu da ruwa a hanya, da wasu sun kai. Yanzu tafkunan sun ƙafe, kuma waɗannan ba su iya tafiyar.

Da za mu tashi, sai ga shi ya jawo ɗan akuya da igiya ya miƙa wa direba, ya ce tsarabar baƙo ce. Wallahi na ɗauka a nan kam Shef zai ce a'a. Sai ya leƙo ta gilashi ya ce, “Kai, Baffa, har da wahala? Allah shi saka.” Ya ce wa direba ya ɗaure shi da kyau kada ya ɓata jakar kamara.

Ba mu fita daga yashi ba na fashe. Ban tuna duk abin da na faɗa ba, na dai san na haɗa Hausa da Faransanci, kuma ban zaɓi masu laushi ba. Shef ya bari na gama.

“Madam, ciyawar daji ta wa ce? Shi ya shuka ta? In Alhaji bai kwasa ba wani zai kwasa, ko gobara ta cinye. Ragunan Yamai su ma bayin Allah ne.”

“Kai ka ce ya tsare ta!”

“Kuma ya tsare, mun samu hotonmu. Ki bar sa zuciya cikin aiki.”

Direba ya ƙara muryar rediyo. Ɗan akuyan nan ya yi ta kuka a bayana har muka shigo gari, kuma a ƙofar gidan Shef aka sauke shi.

Da rahoton ya fito, sai na ga an jera hotunan biyu, na ciyawa da na yashi, an rubuta a ƙasa cewa yawan dabbobi da rashin kiyaye alkawarin makiyaya ne suka jawo haka. Na kira Shef gaban ordinata, na jawo masa layin manjagara har ana iya ganin kowane haƙori, na jawo sawun taya, na jawo gwangwanin kifi har rubutun jikinsa ya fito. Na ce ya nuna mini saniyar da ke cin kifin gwangwani. Ya ce mu yawan ciyawa muke aunawa, ba 'yan sanda ba ne mu. Na kai maganar wurin wanda ke sama da shi a buro, ya saurare ni da kyau, ya ce zai duba, ya tambaye ni lafiyar yara.

An nuna hotunan a wani taron bita a otel. Manyan mutane cikin shadda suna ta girgiza kai, suna cewa makiyayan nan sai Allah, ba sa jin magana. Na ɗaga hannu, mai jagorar taron ya ce lokacin shan shayi ya yi, a riƙe tambayoyi. Suka tashi suka yi layi gaban farantan nama. Na tsaya ina kallon yadda suke tsotsar ƙashi, na ji duk ɗakin yana mini wari.

Layya ta faɗo cikin zafi a shekarar. Kowace safiya amalanken ciyawa na shigowa Bukoki, jaki na ja, mai ita na kira, mata na leƙowa suna tayawa. Ba ni da hanyar sanin daga ina kowane dami ya fito, amma duk wanda na gani sai in tuna filin Baffa. Ranar da maigidana ya shigo da dami biyu don ragonmu, na tayar masa da faɗan da bai san tushensa ba. Ya tsaya da ciyawa a hannu yana kallona, ya ce to me ragon zai ci, shinkafa? Sai na shige ɗaki na bugo ƙofa.

Tafiyar bazara ba a sa ni ciki ba. Shef ya ce zafi ya yi yawa ga mace, ya tafi da wani ma'aikaci daban. Hotunan kawai aka ajiye mini a kan tebur da suka dawo, don har lokacin ba wanda ya iya haɗa su sai ni.

Na haɗa. Filin ya fito fari fat, iska ta shafe sawun motocin. Bayan haɗawa, akwai aikin bin hoton yanki-yanki ana yi wa kowane wuri alamar abin da ke cikinsa, ciyawa ce, ko itace, ko dutse, ko ƙasa tsirara, don ordinata ta fitar da lissafi. Ina cikin bi na ga wasu baƙaƙen tabo a tsakiyar filin, ba su cikin hotunan baya. Na ɗauka inuwa ce, amma babu abin da zai yi inuwa a wurin. Na jawo kusa.

Fatu ne. Fatun shanu a shimfiɗe, an ja su an kafe gefunansu da 'yan turaku don su bushe. Fara, da ja, da mai roɗi-roɗi, da wasu ƙanana na maruƙa. A rassan aduwar an rataya nama siri-siri, wato Baffa ya riƙa yanka su ɗaya bayan ɗaya kafin su mutu mushe. Na fara ƙirga fatun, na bari. Can gefe ga Baffa a tsugune, ya ba kamara baya, da dutse a hannu yana buga turke a jikin wata sabuwa wadda ko bushewa ba ta fara ba.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Turaren Shef na fara ji kafin muryarsa. Ya ce ana jiran lissafin, me ya tsayar da ni. Na nuna masa. Na ce cikin alamominmu ban ga ta wannan ba, ya faɗa mini wacce zan sa.

Ya sunkuyo ya duba, ya ɗan taɓe baki. Na janye hannuna na ɗora a cinya. Ya jira, ya ga ba ni da niyyar motsawa, sai ya miƙo hannu ta kafaɗata ya kama linzamin ordinatar. Ya ja layi ya kewaye wurin duka, ya danna ƙasa tsirara, har da inda Baffa yake tsugune.